Abin da Ke Sa Hoton Nesa Ya Fito Dishi-dishi: Misali Daga Sabha ta Ƙasar Libiya

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta shafi wata matsala da ke damun masu ɗaukar hoto, wato yadda hoton abin da ke nesa yakan fito dishi-dishi ko da kuwa kyamarar mai tsada ce. An zaɓi birnin Sabha da kewayensa don kafa misali saboda a can abubuwan da ke haddasa matsalar sun taru wuri guda: ga zafi, ga ƙura, ga iska, ga kuma fili fetal da ke sa mutum kwaɗayin zuƙo abin da ƙafarsa ba ta kai ba. Akasarin wanda abin ya faru gare shi, gilashin kyamarar yake fara zargi. Sai ya kai shi wurin mai gyara, ko ya karyar da shi ya sayi wani, sa'annan ya tarar hoton yana nan yadda yake. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Gilashi yakan yi laifi, amma shi ya kamata a tuhuma daga ƙarshe, bayan an wanke hannun mai hoton da iskar da ke tsakaninsa da abin da yake ɗauka.

2.0 Sabha da yanayinta

Sabha ita ce babban birnin yankin Fazzan, a kudu maso yammacin Libiya. Tsakaninta da Tarabulus tafiyar fiye da kilomita 700 ce a mota. Fazzan ba baƙon suna ba ne a kunnen Hausawa. Tun ƙarnonin baya ayarin fatake ke ratsa ta, wasu daga Kano su bi ta Damagaram da Azbin zuwa Gat da Gadamas, wasu kuma daga Barno su bi ta Bilma zuwa Murzuƙ. Ta Murzuƙ da Gat ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo a 1850 kafin ya iso Kano a 1851, kuma a kan hanyar ne ya ga zane-zanen dutse na tsaunin Masak, ya kwafi wasu da hannu. A zamaninsa Murzuƙ ce cibiyar yankin. Sabha ta karɓi wannan matsayi a ƙarni na 20, ta zama hedkwatar lardin Fazzan bayan da Libiya ta sami 'yancin kai a 1951. Masu jin Hausa daga Nijar da Nijeriya sun ci gaba da isa can neman aiki ta hanyar Agadas da Dirku da Gatrun.

Kafin yaƙin 2011, ta Sabha masu yawon buɗe ido ke wucewa zuwa tafkunan gishiri da ke tsakiyar rairayin Ubari, irin su Gabar Aun, da kufan Jarma, babban birnin mutanen Garamanta na da, da kuma tsaunin Akakus wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1985. Bayan yaƙin wannan harka ta ja baya ƙwarai, birnin kansa ya ga faɗace-faɗace a 2012 da 2014 da 2018. Saboda haka akwai abin da ya riga batun kyan hoto muhimmanci: a irin wannan wuri, wanda ya auna dogon gilashi ga shingen bincike ko ginin sojoji ba tare da izini ba, ya jawo wa kansa abin da ya fi dishi-dishi.

Ta fuskar yanayi kuwa, ruwan da ke sauka a Sabha a shekara bai kai milimita 20 ba, alhali Kano tana samun fiye da milimita 600. Da bazara zafin rana yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, har ya zarce, da sanyi kuma dare yakan yi ɗari sosai. Wannan hawa da sauka na zafi yana da hannu dumu-dumu a abin da za a tattauna.

3.0 Gilashin zuƙowa

Abin da ake kira gilashin kyamara jerin gilasai ne, sau da yawa fiye da goma, da aka jera cikin bututu ɗaya. Ana auna ƙarfin zuƙowarsa da milimita. Mai milimita 50 yana nuna abu kusan yadda ido ke ganinsa, mai milimita 300 kuwa yana ninka girmansa sau shida. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa a hannun masu hoto shi ne wanda ake murzawa daga 70 zuwa 300, domin ba shi da nauyi kuma kuɗinsa da sauƙi. Idan aka murza shi, gilasan ciki suna matsawa gaba da baya, bututun yakan ƙara tsawo.

Abin lura a nan shi ne, gilashin ba ya zaɓar abin da zai ninka. Yadda ya ninka girman raƙumi sau shida, haka zai ninka rawar hannu da rawar iska da kuskuren saiti sau shida. Kuskuren da ba ya ganuwa a ƙaramin gilashi, a dogo sai ya fito ɓaro-ɓaro.

4.0 A fara tambayar hoton

Kafin a taɓa kyamara, a buɗe hoton a kwamfuta a cikakken girmansa. Ƙaramin allon bayan kyamara mayaudari ne, balle a tsakiyar ranar Sahara inda da ƙyar ake ganin abin da ke kansa. Tambayar farko ita ce: shin akwai wani abu a hoton da ya fito garau? Idan akwai, amma ba shi aka nufa ba, alal misali ciyawar gaba ko bangon baya, to saiti ne ya kauce, gilashin kuwa ya nuna lafiyarsa lau. Idan komai ya jawu zuwa gefe guda, ko bakin kowane abu ya zama biyu-biyu, kyamarar ce ta motsa. Idan ƙasa da itatuwa sun fito amma dabbar ta shafe, dabbar ce ta motsa. Idan abin kusa ya fito tar, na nesa kuma ya yi kamar an narka shi, miƙaƙƙen layi ya zama mai lanƙwashe-lanƙwashe, wannan aikin iska ne. Wanda ke nuni ga gilashin kansa shi ne a ga gefe guda na hoto, ko kusurwa guda, kullum ita ce ke lalacewa.

Kyamarar zamani tana rubuta wa kowane hoto bayanin yadda aka ɗauke shi: milimita nawa, saurin ƙiftawa nawa, faɗin ƙofar haske nawa, da ƙarfe nawa. Wanda ya jera hotuna ashirin, masu kyau da marasa kyau, ya duba wannan bayani, yakan ga bakin zaren tun kafin ya gama.

4.1 Rawar hannu

A cikin kyamara akwai marufi da ke buɗewa ya rufe kamar ƙiftawar ido, a wannan ɗan lokaci ne haske ke shiga. Duk motsin da aka yi yayin da yake buɗe zai zauna a hoton. Hannun mutum kuwa ba ya tsayawa cak, numfashi da bugun zuciya kaɗai sun isa su girgiza shi. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce, kada saurin ƙiftawa ya gaza lambar gilashi. Wato a milimita 300 ana bukatar aƙalla 1/300 na sakan. An tsara wannan ƙa'ida ne a kan fim mai faɗin milimita 36 da tsawon 24. Yawancin kyamarori masu sauƙin kuɗi farantinsu na karɓar haske bai kai haka ba, don haka sai a ninka lambar da 1.5, ko 1.6 a na kamfanin Canon. Ke nan 300 ta koma 450 ko 480, saurin da ake bukata kuma ya zama 1/500.

Da tsakar rana a Fazzan wannan ba abin damuwa ba ne. Haske ya wadata, ta yadda a ISO 200 da ƙofar haske f/8 ana samun kusan 1/800, a kan farin rairayi ma fiye. Matsalar tana zuwa ne da sassafe da kuma dab da magariba, lokacin da tudun rairayi ke yin ja, inuwa ta fito da siffarsa, wato daidai lokacin da kowa ke son ɗauka. Kyamarar da aka bar wa zaɓi takan sauko da saurin zuwa 1/60 ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Maganin shi ne a ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600. Hoton zai ɗan yi tsaki-tsaki, amma wannan aibi ne da ake iya ragewa a kwamfuta, wanda ya girgiza kuwa sai haƙuri.

Kamfanin Canon ya fitar da gilashi mai na'urar rage girgiza a 1995, mai zuƙowa daga 75 zuwa 300, Nikon kuma ya fitar da nasa mai 80 zuwa 400 a 2000. Na'urar tana taimakawa ƙwarai, sai dai rawar hannu kaɗai take gyarawa. Raƙumin da ke gudu a bikin Gat, ko dokin da ke sukuwa a hawan salla a Katsina, ba ruwansa da ita, sai an kai 1/1000 ko fiye kafin a tsayar da ƙafafunsa. Haka kuma a tsofaffin gilasai, idan an ɗora kyamara a kan matokari mai ƙafa uku, kashe na'urar ake yi, domin takan ƙirƙiro motsi inda babu.

Shi kansa mai ƙafa ukun yana da nasa halin a rairayi. Ƙafafun suna nutsewa sannu a hankali, don haka sai an danna su sun sami wurin zama. Iska tana kaɗa dogon bututu da igiyar wuya. Yatsan da ke danna maɓalli ma yana girgiza shi, shi ya sa ake saita kyamara ta jira sakan biyu kafin ta ɗauka. Inda babu matokari, jaka cike da rairayi a kan dutse tana yin aikin. Wanda zai jingina da mota kuwa, ya sa a kashe injin tukuna.

4.2 Iskar da ke tsakani

Nan ne gizo yake saƙa a Fazzan, kuma nan ne aka fi zaluntar gilashi. Mutum yana ɗaukar iska a matsayin ba komai ba, alhali duk hasken da ya taso daga abin da ake ɗauka sai ya ratsa ta kafin ya iso. Idan rana ta ɗaga, rairayi da duwatsu da kwalta suna yin zafin da ya fi na iskar sama nesa ba kusa ba, fuskar rairayi takan wuce digiri 60. Iskar da ke taɓa ƙasa sai ta ɗau zafi, ta yi sako-sako, ta tashi sama, mai sanyi ta sauko ta maye gurbinta. Haske kuwa yana lanƙwasa duk lokacin da ya fita daga iska mai kauri ya shiga marar kauri. Tun da yake waɗannan dunƙule-dunƙulen iska suna ta juyawa kamar ruwa a tukunya, hasken yana isowa a wargaje, kowane ɗigo na hoton yana rawa a inda yake. Misalinsa shi ne wanda ke kallon kwabo a gindin kwano alhali ana motsa ruwan.

Wannan dalili ne ke kawo kawalwalniya, wadda matafiyi ke hange kamar ruwa a kan hanya. Shi ne kuma ke sa taurari ƙyalƙyali da dare, shi ya sa masana taurari ke gina manyan madubansu a kan tsaunuka. Ido ba ya cika damuwa da abin saboda ba ya ninka girma. Gilashi mai milimita 300 kuwa yana ninka rawar yadda yake ninka komai, mai 600 ya ninka ta ninkin wancan. Ke nan wanda ya sayar da ƙaramin gilashinsa ya ciyo bashi ya sayi babba don ya magance wannan matsala, ƙara ta ya yi.

Gane ta ba wuya. A ɗora kyamara a kan matokari, a auna wani abu mai miƙaƙƙen baki da ke nesa, kamar turken lantarki ko hasumiyar masallaci, a ƙara girman abin da allo ke nunawa, a cire hannu. Idan turken yana murɗawa kamar maciji alhali ba wanda ya taɓa kyamarar, magana ta ƙare. Babu maɓallin da ke gyara wannan. Ƙara saurin ƙiftawa yana tsayar da lanƙwasar ne kawai a yadda ta kasance a wannan lokaci, ba ya miƙe ta. Na'urar saiti ma takan rikice, ta yi ta kai da komo, domin abin da take nema ta kama ba ya zaune wuri ɗaya.

Abin da mai hoto ke da iko a kai shi ne lokaci da tazara da tsayi. Daga fitowar rana zuwa kafin hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ba ta ɗau zafi ba, iska tana kwance, wannan shi ne lokacin hoton nesa. Yamma ba ta kai safiya ba, saboda ƙasa tana ci gaba da fitar da zafin da ta sha tun rana. Tazara kuwa, kowane taki da aka matsa gaba an rage yawan iskar da haske zai ratsa, kuma hoton da aka ɗauka da milimita 150 daga mita 100 yakan fi wanda aka ɗauka da 300 daga mita 200, ko da yake girman abin ɗaya ne a duka biyun. Game da tsayi, rikicin ya fi muni a mita ɗaya ko biyu na kusa da ƙasa, don haka wanda ya hau tudu ko soro ya fi wanda ya durƙusa. A guji auna gilashi ta saman kwalta, ko rufin kwano, ko murfin injin mota, ko kusa da janareta. Ɗauka daga cikin mota mai na'urar sanyaya iska ma yana da illa, domin a bakin tagar sanyi da zafi suna haɗuwa dab da gilashin. Idan kuma ya zama tilas a ɗauka da rana, a ɗauki goma ko ashirin a jere, wataƙila ɗaya ya dace da lokacin da iskar ta ɗan lafa.

Idan aka haɗa wannan da abin da ya gabata, sai a ga tsaka mai wuyar da mai hoto ke ciki a Sahara. Lokacin da haske ya wadata har hannu ba ya ɓata hoto, lokacin ne iska ke tafasa. Lokacin da iska ta kwanta kuma, haske bai isa a riƙe kyamara da hannu ba. Shi ya sa matokari mai ƙafa uku, wanda kuɗinsa bai kai rubu'in na sabon gilashi mai kyau ba, ya fi sabon gilashin amfani a irin wannan wuri.

Ƙura ita ma iska ce ke ɗauke da ita, amma aikinta dabam ne. Akwai iskar kudu mai zafi da mutanen Libiya ke kira Gibli, wadda ta fi tasowa a watannin da ke gabanin tsananin zafi, tana cika sama da ƙura. Wanda ya san hazon hunturu a Kano ko Maraɗi, wanda yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, ya san yadda abin yake. Hazo ba ya lanƙwasa layi, kashe launi yake yi, baƙi ya koma toka-toka, abin nesa ya yi fari fat. Ana iya farfaɗo da launin a kwamfuta har wani mataki, sai dai ƙananan siffofin da ƙura ta haɗiye sun tafi.

4.3 Saiti

Dogon gilashi ba ya yafe kuskuren saiti. A ɗauki mutum da ke tsaye a tazarar mita 10, ƙofar haske tana f/5.6, a kyamara mai babban faranti. Da gilashi mai milimita 50, duk abin da ke tsakanin mita 6 da mita 30 zai fito daidai gwargwado. Da mai 300 kuwa, yankin da zai fito garau bai kai santimita 40 ba, idan mutumin ya matso mita 5 kuma ya koma kamar santimita 9. Saitin da ya faɗa a kan kafaɗa ko bakin rawani ya bar ido ke nan.

Na'urar saiti da kanta, wadda ta bazu tun bayan fitowar kyamarar Minolta 7000 a 1985, tana neman wurin da haske da duhu suka yi iyaka ne. Gefen tudun rairayi sumul yake, haka ma sararin sama, don haka ba ta da abin kamawa. Sai a auna ta a kan ƙoƙuwar tudun, inda ɓangaren rana ya haɗu da na inuwa. Idan kuma aka bar mata zaɓin wurin, ta fi son abin da ya fi kusa. A bakin tafkin Gabar Aun, wanda dabino da ciyayi suka kewaye, za ta bar tsuntsun da ke kan ruwa ta kama ganyen da ke gabansa. A zaɓi ɗigon saiti guda a ɗora shi inda ake so. Har ila yau, a zuƙo tukuna sa'annan a saita, domin yawancin gilasan nan saitinsu yana gocewa idan aka murza su.

A kyamarori masu madubi a ciki, na'urar saiti tana zaune ne a ƙasan madubin, dabam da farantin da ke ɗaukar hoton. Idan tazarar biyun ta saɓa ko da kaɗan ne, saiti zai riƙa faɗawa gaba ko bayan abin da aka nufa a kowane hoto. Ana gane haka idan aka ɗauki abu ɗaya sau biyu, sau ɗaya ta ramin leƙe, sau ɗaya ta allon baya, wanda shi da farantin kansa yake saiti. In na allo ya fi kyau a kai a kai, an kama ɓarawon. Tun wajen 2007 manyan kyamarori suka fara zuwa da wurin gyara wannan saɓani a cikin jerin umarninsu, marasa madubi kuwa, waɗanda suka fara fitowa a 2008, ba su cika fama da shi ba. Akwai kuma ɗan ƙaramin abin murzawa a gefen ramin leƙe wanda ake daidaitawa da ƙarfin idon mai kyamara. Idan ya goce a cikin jaka, mutum zai ga komai biji-biji alhali hotunan lafiya lau suke.

Wani kuskuren shi ne a murza zoben saiti har ƙarshe da zaton nan ne saitin abu mafi nisa. Yawancin dogayen gilasai ana barinsu su ɗan zarce wannan matsayi da gangan, saboda ƙarfe da gilashi suna buɗewa da zafi, su tsuke da sanyi. Muhimmancin wannan ya fito a ranar 29 ga Maris, 2006, ranar da aka yi cikakken husufin rana wanda inuwarsa ta bi ta Gusau da Katsina da Maraɗi, ta ratsa Nijar da gefen Cadi ta shiga Libiya. Masana da masu hoto daga ƙasashe da dama sun kafa sansani a hamadar da ke kusa da dutsen Waw an-Namus, kudu maso gabashin Sabha, inda duhun ya ɗan wuce minti huɗu. A gilashi mai milimita 300, faɗin rana a kan faranti bai kai milimita 3 ba, don haka kuskure kaɗan ya isa ya shafe ta. Wanda ya saita tun da safe ya bar kyamara a rana har tsakar rana, saitinsa na iya gocewa, kuma minti huɗu ba lokacin gyara ba ne. Ƙa'idar ita ce a saita da hannu a bakin faifan rana jim kaɗan kafin lokacin, a manne zoben da salatif. Ba a auna rana da dogon gilashi sai da matatar haske ta musamman a gabansa, in ban da 'yan mintocin cikakken duhu, domin yana ƙona faranti, yana kuma makantar da ido.

4.4 Ƙofar haske

Gilasai masu sauƙin kuɗi sun fi rauni a ƙarshen zuƙowarsu idan ƙofar haske tana buɗe gaba ɗaya, wato a 300 da f/5.6. Wannan halittarsu ce, ba lalacewa ba. Rage ƙofar zuwa f/8, ko komawa milimita 250, yakan kawo bambancin da ido ke gani. Amma kada a zarce, domin daga f/16 zuwa sama haske yana bazuwa a bakin ƙaramar ƙofar, hoton ya sake yin laushi. Ƙarin gilashin da ake sawa a baya don ninka zuƙowa sau biyu yana mai da f/5.6 ta zama f/11, ya ninka aibin gilashin, a kyamarori da yawa kuma ya hana saiti aiki. Zuƙowar wayar hannu ma, da zarar ta wuce ƙarfin gilashinta, yanko tsakiyar hoto take yi ta kumbura shi, ta cike gibin da kintace.

4.5 Ƙura a jikin gilashi

'Yar ƙurar da ta zauna a gaban gilashi ba ta cika ɓata hoto ba. Abin da ke ɓata shi shi ne gogewa. Ƙwayar rairayi ta fi gilashi tauri, don haka wanda ya sa bakin riga ko rawani ya murza, kankare shi yake yi. Ƙananan zane-zanen da maiƙon yatsa suna watsa haske, hoton ya yi kamar an shafa masa hayaƙi, musamman in ana fuskantar rana. A fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska, a bi da burushi mai laushi, sa'annan ƙyalle na musamman. Hular gilashi tana tare hasken gefe, ya kamata ta zauna a kai kullum. Gilashin kariya da ake ɗaurawa a gaba yana da amfani a ranar Gibli, amma mai arha yana ɓata hoto a milimita 300 fiye da yadda ake zato, don haka a cire shi a gwada. Ɗigo-ɗigon baƙi da ke fitowa a sararin sama kuwa ƙurar faranti ce, ba ta da alaƙa da dishi-dishi.

5.0 Gwajin gilashin kansa

Idan an kawar da duk waɗannan, sai a zo kan gilashi. A manna shafin jarida a bango a cikin inuwa da safe, a tsaya mita 8 zuwa 10, kyamara a kan matokari tana fuskantar bangon sosai. A cire gilashin kariya, a kashe na'urar rage girgiza, a saita da hannu ta allon baya, a sa jinkirin sakan biyu. A ɗauka a f/5.6 da f/8 da f/11, a milimita 200 da kuma 300. Idan rubutun ya karantu garau a f/8, gilashin ya kuɓuta.

Idan gefe guda ya ƙi fitowa, a kifa kyamarar, samanta ya koma ƙasa, a sake ɗauka. In har ɓangaren jaridar da ya lalace a farko shi ne ya sake lalacewa, tsayuwar ce ta karkace. In kuwa lalacewar ta koma ɗaya ɓangaren jaridar, wato ta bi kyamarar, to ɗaya daga cikin gilasan ciki ya goce daga mazauninsa. Faɗuwa tana jawo haka, haka ma jijjigar doguwar tafiya a hanyar hamada idan an bar jaka a dandamalin mota. A haska tocila ta cikin bututun kuma a duba. Hazo-hazo a gilasan ciki alama ce ta man shafawa da zafi ya tayar, abin da ke faruwa ga kayan da ake bari a rufaffiyar mota da rana. Zare-zare kamar saƙar gizo kuwa fumfuna ce, wadda ba ta tsira a busasshiyar iskar Fazzan, amma takan zo a jikin gilashin gwanjo da ya zauna a gari mai laima kamar Legas.

Mayar da gilashin da ya goce mazauninsa aiki ne na na'urorin awo, wanda ya kwance shi a gida da sukundireba yakan ƙara masa ciwo. A gilashi mai arha kuma kuɗin gyaran yakan kusa kai kuɗin wani na hannu, don haka a tambayi farashin biyun kafin a yanke shawara. Wanda zai sayi na hannun ya tafi da kyamararsa da tocila da shafin jarida, ya yi gwajin nan a gaban mai sayarwa kafin ya ƙirga kuɗi.